Ranar da Na Wanke Yashin Iya

Shekara shida ke nan, a wannan daminar, da rasuwar kakata, wadda mutanen unguwarmu a Haɗeja suka sani da Iya Mai Randa. Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin, yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare. A duk tsawon shekarun nan, in aka ambaci sunanta a gabana sai in sunkuyar da kai, mutane su ce Allah sarki, har yau yarinyar nan ba ta daina kewar kakarta ba. Kewa kam akwai ta. Amma abin da yake sunkuyar da kaina daban ne. Na yi imani ni ce sanadin mutuwarta, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bana.

Dole in fara da ruwa, domin wanda bai san ruwanmu ba ba zai gane Iya ba. Ruwa iri biyu gare mu. Akwai na famfon tuƙa-tuƙa da ke bakin layinmu, garai-garai a ido, amma zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, sai dai ya tara wani farin gudaji a saman bokiti. Wake ya yini a kan wuta yana nan da taurinsa sai an jefa masa kanwa. Cikin butar shayinmu kuwa ya yi farin ɓawo irin na ƙwai, in ka kankare yau, bayan sati biyu ya dawo. Sai kuma ruwan kogi, wanda masu kura suke kawowa a jarka. Shi yana da daɗi a baki da laushi a jiki, amma da damina ja ne kamar kunun kanwa, kuma ba wanda ya san abin da ya kwaso daga gonakin shinkafa da mashayar shanu da bayan gari. Iya takan ce na famfo mutum ne mai farar riga da ɗacin baki, na kogi kuma mai daɗin hira ne da dauɗar jiki, kowanne sai ka san yadda za ka zauna da shi.

Ita mutuniyar wani ƙauye ce a wajen Auyo, kuma ginin tukwane ta gada. Ko ranar Salla, in ka duba ƙarƙashin farcenta za ka ga siririn layin yumɓu. Ba ta wuce tukunya ba ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa ba, ko da a gidan mutane ne, sannan ta karkata kai tana saurare kamar tukunyar za ta ba ta labari. Zartsi ba ta yaƙe shi ba, lallaɓa shi ta yi. In za a yi wanki da ruwan famfo sai ta zuba masa ruwan toka ta bar shi ya kwanta. Ruwan sama kuma ta tara a baho saboda wanke kai da farin hijabina na makaranta. Amma ruwan sha na kogi ne, kuma ba ya shiga bakin kowa a gidanmu sai ya bi ta randunanta uku da ke jere a inuwar darbejiya.

Ta farko ta kwantarwa ce. A nan take zuba ruwan jarka, ta daka 'ya'yan zogale ta barbaɗa, ta juya da muciya, ta rufe. Kafin safiya laka ta sauka ƙasa. Ta biyu ita ce abin alfaharinta, doguwa ce har ƙirjina, ita ta gina ta da hannunta bayan biyu sun fashe mata a wuta. A gindinta akwai tsakuwa, sama da tsakuwa yashi mai laushi har kusa da wuya. Ta huda gindin ta sa siririn tiyo, ta ɗaure shi a jikin randar ya hau sama, yadda kullum ruwa zai tsaya a kan yashin kamar tsawon yatsa, ba ya taɓa bushewa. A bakinta akwai kasko mai huji-huji don kada zubin ruwa ya tona yashin. Ruwan yakan ɗiga ta tiyon a hankali cikin tulu, ita kuma ta juye tulun a randa ta uku, wadda muke sha. Ta ce wata ma'aikaciyar lafiya ce ta nuna musu dabarar a ƙauye tun Baba yana yaro, sauran mata suka manta, ita ta riƙe.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Umma tana kunyata. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, in za ta aike ni sai ta ce wa bango a ce wa yarinyar nan ta kawo kaza. A ɗakin Iya na tashi, a bayanta nake kwana. Ita ta sa mini suna Malama Shiru, wai in aka bar ni da ƙadangare a ɗaki, shi zai fara gajiya ya yi magana. Ba abin da ta taɓa hana ni a ɗakinta. Na ci goronta, na ɓatar mata da allura ba adadi. Abu ɗaya ne ta kafa mini doka a kai, shi ne yashin randa ta biyu. Ranar da na tambaye ta dalili, sai ta ce, “Yana da rai.” Iyakar bayanin ke nan. Ni kuma ba mai sake tambaya ba ce.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga unguwarmu yau. Ruwan leda ya cika ko'ina, ledojinsa sun toshe kwata, buhunansa suna yini a rana a ƙofar shago har su yi ɗumi. Na san da ta ɗaga ɗaya ta duba a hasken rana ta tambayi mai shago waye ya ga inda aka ɗura shi. Maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati ya kafa wata na'ura a bangon kicin ɗinsa, wadda take cire zartsi ƙwarai da gaske, na sha ruwanta na ji. Sai dai tana son wutar lantarki, kuma ruwan da take zubarwa ta baya ya fi wanda take bayarwa ta gaba. Da Iya ta yaba mata, sannan ta je ta tara bokiti a bayan, don ba ta iya ganin ruwa yana bin rariya. An ce mini kuma a gidajen masu hali akwai tankin da ake ɗura wa gishiri don ya gyara ruwan zartsi. Wannan kam da ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce Bature bai gama da mu ba.

Abin ya faru ne a makon da aka haifi ƙanwata. Saura kwana biyu suna, gida ya ɗauki haramar baƙi. Wanda ya san gidan suna ya san yadda ake yi: duk abin da ido zai iya gani sai an darje shi. An fito da kwanukan jere an wanke, an goge tukwane da toka har suna ɗaukar ido, an share har bayan murhu. Iya ta yi sammako ta tafi kasuwar Kafin Hausa da tukwanenta, za ta sayar ta sayo kayan yajin jego. Ni aka bar wa gefen randuna in share.

Ina cikin shara na ɗaga kaskon nan na leƙa. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Saman yashin ya yi wata fata mai santsi, kore-kore da ruwan ƙasa, irin wadda ake gani a bakin kududdufi. Na taɓa da yatsa na ji yauƙi. Sai na tuna 'yan'uwan Umma na Kano da za su zo, masu duba ƙasan kofi kafin su sha ruwa. Na ce a raina idon Iya ya fara rauni, ba ta ga wannan ƙazantar ba, kuma in baƙi suka gani za su tafi da mu a baki. Dokarta ta faɗo mini, amma na ce ai ba ɓata shi zan yi ba, gyarawa zan yi. A makarantar Islamiyya ma an koya mana tsafta cikon addini ce.

Na kwashe yashin sama da ƙoƙo, kusan rabin randar, na zuba a baho. Na sa garin sabulu na cuɗa, na ɗauraye, na sake cuɗawa, har sai da ruwan ya fita fes. Na baza shi a tabarma ya sha rana ya yi fari tas. Kafin la'asar na mayar, na daddale da tafin hannu, na rufe da kasko. Da na zuba ruwa sai na ga tiyon da yake ɗiga ɗis-ɗis yanzu yana zuba shar. Na ji daɗi ƙwarai. Na zauna ina jiran Iya ta dawo ta gani ta sa mini albarka.

Ta dawo gab da magariba, ta ajiye kaya, ta nufi randunan kamar kullum. Ina kallonta daga ƙofar ɗaki. Ta tsaya ta kalli tiyon. Ta ɗaga kaskon, ta daɗe tana duban ciki, ta mayar ta rufe. Ba ta ce komai ba, ba ta ko waiwayo ba. A nan jikina ya yi sanyi, na gane garin neman gira na rasa ido. Na yi niyyar in faɗa mata, na kasa. Washegari baƙi suka fara sauka, gida ya cika, maganar ta bi ruwa.

Bayan suna da kwana takwas kogi ya cika ya fara shiga gonaki, aka fara jin labarin amai da gudawa nan da can. Ran nan da hantsi Iya tana tankaɗe ta ajiye rariya ta shiga bayi, ta fito, ta sake komawa. Kafin azahar idanunta sun faɗa, muryarta ta dishe, fatar hannunta in an ja ba ta komawa. Baba ya ɗauke ta a mota zuwa asibiti, aka sa mata ƙarin ruwa. Ba a bar yara sun je ba. Kwana biyu ta yi, Allah ya karɓi abinsa. Abin da na fi tunawa da ranar shi ne takalminta na roba da aka dawo da shi a leda, ɗaya da igiyar da ta ɗaure maɗaurinsa da ita.

Ba wanda ya tuhume ni, domin a sanina ba wanda ya sani. Ni na yi wa kaina shari'a. Ta ce yana da rai, na kashe shi, ruwa ya wuce da cutarsa, ta sha. Da zuciyata ta ce to ai kowa ya sha, sai in ba ta amsa cewa tsoho ya fi saurin kamuwa. Tun daga ranar hannuna ya ƙi miƙa wa mutum ruwa. A gidan Bahaushe wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baƙo ya yi sallama, an shimfiɗa masa tabarma, ana jiran 'yar gida ta kawo ruwa ta durƙusa, ni kuwa sai in sulale bayan ɗaki. An ce girman kai ne, an ce ƙiwuya ce. Baba ya yi faɗa har ya gaji. Na yarda in yi wanke-wanke, in yi daka, in share gidan duka, amma ban da wannan. Randunan kuma ba wanda ya san sirrinsu sai mai su, sai aka kife su a bayan ɗaki. Muka koma tafasa ruwa in akwai itace, ruwan leda in babu, da ƙwayar kilorin da ma'aikatan lafiya suke rabawa in ambaliya ta zo.

Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, amma ni sani ne ya ƙara mini duhun. Ina aji huɗu, malamarmu ta ilimin halittu, Malama Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, ta zo darasin tsabtace ruwa. Ta zana doguwar randa a allo, da tsakuwa da yashi da tiyo, kamar ta taɓa shiga gidanmu. Ta ce wannan kore-koren da ke taruwa a sama ba datti ba ne, wasu ƙananan halittu ne da suke cinye ƙwayoyin cuta, kuma sukan ɗauki makonni kafin su kafu. Ta ce babban kuskuren da mutane ke yi shi ne su wanke shi da sabulu ko su bar shi ya bushe, daga nan ruwan zai fito garau a ido alhali bai tsarkaka ba. 'Yan aji suna rubutu, ni ina kallon wata tururuwa da ke bin gefen tebur. A da zato nake yi. Ranar na samu hujja, da zane a allo.

Haka na zauna har farkon daminar bana, da Baba ya shigo da wani matacin ruwa na zamani. Bokiti biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, na sama da wasu fararen sanduna biyu a ciki da ake kira kyandir, na ƙasa da ɗan famfo. Mai sayarwa ya rantse masa cewa har zartsi yana cirewa. Baba ya ɗura masa ruwan famfo, ya jira, ya tara a kwano, ya kawo sabulu yana murzawa a gabanmu. Kumfa ta ce ba ta san zancen ba. Umma ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi. Daga baya Malama Rifkatu ta bayyana mini cewa tacewa daban, zartsi daban: abin da ya narke a ruwa ba ya tsayawa a mataci irin wannan. Iya ta riga ta faɗa da nata harshen, cewa yashi yana kama datti amma ba ya kama ɗaci. Sai muka koma zuba masa ruwan kogi da aka kwantar da zogale, ya kuwa yi aiki. Ina jin da Iya ta so shi, domin kyandir ɗin nan da yumɓu aka yi shi. Da ta ƙwanƙwasa shi ta saurara, ta ce ɗan gida ne ya je birni ya yi fari.

Bayan wata ɗaya ɗigarsa ta ragu, kyandir ɗin ya yi ja. Wata Asabar da safe Baba zai fita gona ya miƙo mini takardar da ta zo da shi, ya ce tunda ni ce mai Turanci in karanta in wanke shi yadda aka ce. Ya hau babur ya tafi. Na tsuguna a gaban bokitin, na buɗe, na ga wannan ja-jan mai santsi a jikin kyandir. Ban san lokacin da na fara kuka ba, irin kukan da ban yi ba ko ranar rasuwar.

Umma tana tsince shinkafa a faranti. Sai ta ce wa farantin, “Wani ne ya mutu ba a gaya mini ba?”

Na ce mata ni ba zan taɓa shi ba, kada in sake kashe wani. Daga nan maganar ta ɓalle. Na faɗi komai, da ƙoƙon, da garin sabulun, da tabarmar, da zanen allo. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Ta ajiye farantin. Ta ce, “Wato wannan ne? Shekara shida, wannan ne? Mu muna nan muna cewa iska ce ta taɓa ki, Gwaggonki har rubutu ta karɓo miki.”

Sannan ta matso, abin da ba ta saba ba, ta zauna a kan turmi kusa da ni ta ba ni labarin da ban sani ba. Ta ce a daren da Iya ta dawo daga kasuwa ta shiga ɗakin jego tana dariya har da hawaye. Tun daga zubar tiyon ta gane, da ta buɗe kuma ƙamshin sabulu ya buge ta. Umma ta kwaikwayi muryarta, har da yadda take jan ƙarshen magana: “Malama Shiru ta yi wa yashina wankan amarya. Kada wanda ya ce mata uffan, tsafta ta nufa. Sati uku zai dawo hayyacinsa.”

Daga ranar, in ji Umma, ko ɗigo ɗaya daga tulun nan bai shiga randar sha ba sai da ya tafasa. Kullum Iya takan zuba wa yashin ruwa don ya farfaɗo, abin da ya ɗiga ta kai murhu, ya huce ta juye. Tana faɗar haka sai ga abin ya dawo mini a ido. Na tuna tukunya ta biyu a gefen babbar tukunyar wankan jego, safe da yamma. Na gan ta sarai, na ɗauka duk ta wankan Umma ce. Na tuna ruwan kwanakin nan yana ɗan ƙaurin hayaƙi, na ɗauka don gidan duka yana warin itacen jego ne. Ni da ake cewa ba abin da ke wuce idona, na ga komai, na fassara shi a juye.

Na tambaye ta to daga ina ciwon ya zo. Ta ce ajali dai ajali ne, amma in sanadi nake nema, in tuna ranar da Iya ta bi kwalekwale ta yini a ƙauyensu. Mu yara an ce mana dubiya ta je. Gaskiyar ita ce ƙawarta ta ƙuruciya ce ta rasu da wannan ciwon, mata suka ji tsoron taɓa ta, Iya ta ce ba za a binne ƙawarta ba wanka ba tana da rai. Ita ta wanke ta da hannunta. Baba ya hana, ta ce masa ita ta haife shi ba shi ya haife ta ba. Kwana biyu da dawowarta ta kwanta. Manya duk sun san wannan, ba wanda ya ga dalilin gaya wa yarinya.

“Da ruwan randa ne,” in ji Umma, “ai ni za a fara ɗauka, da nake shan kofi goma a yini. Tashi ki wanke wa mutane abinsu. Me takardar ta ce?”

Na share ido na karanta. Ta ce a goge shi da burushi mai laushi da ruwa mai tsabta, kada a sa sabulu. Umma ta ce, “To kin ji. Har Turawan sun san halinki.” Muka yi dariya tare, ni da ita, ina jin shi ne karo na farko. Ba ta kira sunana ba, kuma ban sa rai ba. Amma da na tashi ta kama tsintsiyar hannuna ta riƙe kaɗan kafin ta saki.

Ban san yadda zan kwatanta sauƙin da na ji ba. Wanda ya taɓa ɗauko tulu daga nesa ya san lokacin da aka sauke masa, wuya takan yi wani iri, kai ya riƙa jin kamar zai tashi sama. Kwana uku ina jin haka. Na ci abinci har Baba ya tambaya ko an yi mini allurar ci ne.

Na ɗan yi fushi da Iya daga baya, ba zan ɓoye ba. Da ta ja kunnena a ranar, da ta ce ke Malama Shiru ga abin da kika yi, ga kuma yadda za mu gyara, da kuka na yini ɗaya ya wadatar. Umma ta ce niyyar Iya ita ce in an yi arba'in ɗin jego ta zaunar da ni ta koya mini aikin randar tun daga wankin tsakuwa, ta ce wadda ta iya lura da dattin yashi ita ta dace ta gaje shi. Ba ta kai ba. Ta yi shiru don kada in ji kunya a gaban baƙi, ni na yi shiru don tsoro, Umma kuma kunyar 'yar fari ta hana ta tambaya. Ba mugu ko ɗaya a cikinmu, amma shekara shida suka tafi. In akwai abin da zan roƙi mai karatu, shi ne in ka kafa wa yaro doka ka haɗa masa da dalili, kuma in yaro ya canza bayan an yi rasuwa a gida, kada a tsaya a rubutu, a zaunar da shi a tambaye shi.

Me ya rage na Iya? Randar yashin ta tsage a inda aka kife ta, kuma cikinmu ba wanda ya iya gini. Baba ya ce zai nemi wata maginiya a ƙauyensu, ban sani ba ko za a dace. Tukwanen da ta sayar suna nan a gidajen mutane, wasu ba su ma san sunan wadda ta gina su ba. Abin da na tabbata ya rage shi ne, a gidanmu har yau ba a ɗaukar ruwa a kai baki don kawai ya yi kyau a ido. Sai an tambayi inda ya fito da abin da aka yi masa. Ƙanwata da aka haifa a makon nan ba ta san fuskarta ba, amma ta san moɗar ɗiba daban, kofin sha daban. Allah ya yi wa Iya rahama, ya shayar da ita daga ruwan da ba ya buƙatar tacewa, ita da ƙawar da ta wanke.

Da ranar cikar shekara shidan ta matso, Baba ya ce a yi waina a raba sadaka. Na ce ina da wata shawara, duk suka juyo suna kallona, don ba a saba ba. Randa ta uku lafiyarta ƙalau. Na wanke ta, muka kafa ta a ƙofar gida a kan tubali, da murfi da moɗa mai dogon hannu da kofi a ɗaure da igiya. Ni nake kwantar da ruwan da zogale, in tace, in tafasa, in cika ta kafin in tafi makaranta.

Wanda ya fara sha wani dattijo ne manomin shinkafa, ya dawo daga fadama a kan keke, laka har gwiwa. Ina leƙensa ta zaure. Ya sha kofi biyu, ya shafa sauran a fuska, ya yi wa iyayen mai ruwa addu'a, ya hau kekensa. Duk da abin da Umma ta gaya mini, ranar ban iya cin abincin rana ba. Washegari na tsaya a zaure har sai da na ji ƙarar kekensa, na ga ya sauka da ƙafarsa ya ɗauki kofi. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan yana sha, lafiyarsa lau. Jiya ma ya tarar da ni ina cikawa, ya ce, “'Yan mata, ruwanku da daɗi, amma wannan kofin na shan magani ne ko na mutane?”

Na shiga gida na ɗauko babban kofin silba na Baba, na cika shi, na miƙa masa da hannuna.